Allurai Talatin da Shida na Inna Verna

Halvor, Minnesota
12 ga Satumba

Zuwa ga Yayata Ardith,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Delbert. Yaya gwiwar tasa? Ki gaya masa in ji ni, likita cewa ya yi ya riƙa takawa, bai ce ya zauna gaban talabijin yana ba 'yan ƙwallo umarni ba. Mu nan lafiya lau. Maigidana Orrin yana can yana ta shafa injin girbi, masara ta kusa.

Yaya, gyara zama ki ji abin da ya same ni. Jiya Alhamis muka yi ƙuri'ar musayar gidan allura a ƙungiyarmu ta masu ɗinkin bargo. Shekara tara da komawarki Arizona, ba abin da ya canja. Ɗakin ƙasan nan na coci, kofi tsararo, da gwangwanin biskit da ake zuba sunaye. Lavonne, wadda take shugabancinmu yanzu, ta sake karanto mana dokoki kamar yau muka shigo: kowa ta ɗinka wa wadda ta zaro a ɓoye, da hannu ba da keke ba, fallayen ciki su zama na ulu don kada allura ta yi tsatsa, ba a sa suna, kuma ba a ba da gida wayam, sai da allura guda ɗaya da zarenta a ciki. Ranar buɗewa a zagaya da kowanne hannu-hannu, a gane mai shi daga ɗinkinta.

Mu goma sha huɗu ne. A cikin takardu goma sha huɗu, wadda hannuna ya ga dama ya ɗauko ita ce mai sunan Verna Kubicek.

Na san yanzu kina dariya. Yi abinki. Ni kam gabana ne ya faɗi, har Lavonne ta ce, "Marlys, lafiya? Ko sunanki kika zaro?" Na ce mata ta ji da gwangwaninta.

Shekaruna sittin da ɗaya, na ciyar da yaran makaranta shekara ashirin da bakwai ba wanda ya taɓa razana ni, amma har gobe in Inna Verna ta ɗauki ɗinkina sai na ji ni 'yar shekara sha biyar ce. Kin tuna bakin bargona na farko? Mako uku na yi a kansa. Ta ɗora shi a cinya, ta bi shi da farce, ta ɗauki almakashi ta farke shi tas, ta miƙo min ta ce, "Ƙyallen bai yi miki laifi ba, 'yata. Sake." Na yi kuka a motar Baba har gida, ke kuma kina gefe kina cin gyaɗa. Amma duk abin da hannuna ya iya, a ranar ya fara koyo, kuma na san haka.

Matar nan shekara tamanin da uku ke nan, kuma ni dai ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Sukar allura goma sha biyu a inci ɗaya, sama da ƙasa duk tsawo guda. Ni in na samu tara sai in kira Orrin ya zo ya gani. To me zan ɗinka wa wannan? Ki ba ni shawara, kuma ban da wa'azi.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Jiya da muka zauna kewaye da katakon ɗinki, ba ta ɗauki allura ba. Ta yanka mana kek, ta zuba kofi, ta yi wa Lavonne tsiya kan launin da ta zaɓa, amma hannunta bai taɓa bargon ba. Ta ce kafaɗa ce. Wannan Alhamis ta uku ke nan da kafaɗar.

Ki gaida Delbert. Ki sha ruwa da yawa a wannan zafin naku.

Ƙanwarki,
Marlys


6 ga Oktoba

Yaya Ardith,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga takardarki, na gode. Na ji daɗi da Delbert ya fara zagaya unguwa da sandarsa. Shawararki ta in yi abu mai sauƙi in gyara shi sosai na karɓa, har na ɗinka gida guda da shuɗin ƙyallen nan da ya rage daga rigar Mama. Yana cikin aljihun tebur yanzu, kuma ba na jin zan ba da shi. Bari ki ji dalili, amma ki riƙe a cikinki, don alkawari na ɗauka. Ke kaɗai nake gaya wa, ke ma don kina da nisa.

Ranar Asabar na kai wa Inna Verna tuffa daga bishiyarmu. Gaskiya leƙen asiri ya kai ni, in ga launukan da take so. Na ƙwanƙwasa ƙofar baya ba amsa, na tura na shiga. Tana zaune a bakin taga, rana tsaka, ga fitila biyu a kunne, ga madubin ƙara girma a rataye a wuyanta. Allura a hannun hagu, zare a dama. Ta kai zaren, ya wuce ta gefe. Ta lasa, ta sake kaiwa, ya wuce. Yaya, na tsaya riƙe da kwando na ƙirga mata sau goma sha ɗaya kafin ta san ina wurin.

Ba ta yi wani kame-kame ba. Ta ce, "Marlys ce? Na ji takunki, kullum kamar ana koro ki. Ajiye ki zauna."

Likitan ido ya gaya mata tun watan Yuni. Tsakiyar ganinta ne yake tafiya. Tana ganin gefe-gefe, tana ganin ƙofa da kujera, amma duk abin da ta zuba wa ido sai ya zama hazo, kuma ba magani. Kafar allura ta ɓace mata gaba ɗaya. Ta ce wani lokacin sai ta yi minti arba'in kafin zare ya shiga bisa sa'a, ta yi ɗinkin minti goma ya ƙare, a koma farko. A haka take ɗinka gidan allurar wadda ta zaro, don ta ce ba ta taɓa fashin musaya ba tun da aka kafa ta. Amma wannan ce ta ƙarshe. Ranar buɗewa za ta sanar da cewa ta bar ƙungiya.

Kin san bakina. Na ce wannan zancen banza ne. Na karɓi allurar na zura mata zare na miƙa mata, na ce ta nuna min inda hannun ya gaza. Ta jawo wani ƙyalle, ta ɗaura ƙullinta da yatsa biyu, sannan ta ɗaga kai tana kallon silin, ta fara. Wallahi Yaya, ko kallon ƙyallen ba ta yi. Yatsan ƙasa yana jin tsinin allura, na sama yana tura ta, allurar tana lilo tana ɗibar suka huɗu-huɗu. Da ta gama na ɗauko ma'aunin da ke kan tebur na ɗora. Goma sha biyu. Na sake aunawa a wani wurin, goma sha biyu. Sai da na fita baranda na share ido, na ce mata tuffa nake dubawa.

Na dawo na ce zan riƙa zuwa kullum da safe ina zura mata. Nan fa ta taso min. Ta ce, "Ni za a riƙa zuwa ana ba abinci a baki? In zauna a katako ina miƙa hannu, ku goma sha uku kuna kallona kuna tausayi? Na koya wa rabinku riƙe allura. Gara in tafi ana tuna hannuna yadda yake." Ta sa na yi alkawari ba zan gaya wa kowa a ƙungiya ba.

Tun ranar raina a jagule yake. Alhamis ita ce kaɗai ranar da take fita, ban da coci. Tun rasuwar mijinta, mu ne mutanenta. In ta bar katakon nan, na san abin da zai biyo baya, na gan shi ga Mama. Kuma ni, in faɗa miki gaskiya, ban san yadda zan zauna a ɗakin nan ba tare da ina jin tsoron wani ba.

Ki sa ta a addu'a. Orrin yana gaishe ku.

Taki,
Marlys


27 ga Oktoba

Yayata,

Ina gaisuwa. Da fatan kun tashi lafiya, kuma murar da kika ce ta sake ki. Mun gama girbi, Orrin ya dawo mutum.

Na karanta takardarki sau uku. Kin ce in bar tsohuwa ta tafi da mutuncinta, kuma ba kowane abu ne nawa na gyarawa ba. Na ji. Kina da gaskiya kamar kullum, abin da ya sa tun muna yara nake jin haushinki ke nan. Amma na riga na fara.

Ga abin da na yi. Sabon gida na ɗinka, ya ɗan fi tafin hannu girma. Bayansa baƙin ƙyalle mai kauri, na zagaye bakinsa da ja don ta iya hango shi a kan tebur ta gefen ido. A ciki fallen ulu shida, daga tsohon kwat ɗin Baba na yanko, na wanke da ruwan zafi har ya kama jikinsa. Kowane falle allura shida, irin ƙananan da take so, kowace da zarenta a zure. Talatin da shida ke nan.

Wahalar ba a zurawa take ba, a hana zaren cukurkuɗewa take. Na farko da na gwada, da na buɗe sai na tarar da sheƙar tsuntsu. Kwana huɗu ina fama, har Orrin ya ce in bar shi ya kawo waya daga gareji, na ce ya fita min daga ɗaki. A ƙarshe na gano: in na soke allura a ulu, sai in naɗe zarenta a jikinta, kai da gindi, kai da gindi, har ya ƙare. In an zaro allurar zaren ya biyo ta sumul. Sannan a gefen kowane falle na yi ƙananan ƙulli da yatsa zai ji, alamar launin zaren da ke fallen: ɗaya fari, biyu ruwan madara, uku toka, haka har shida. Ban ɗaura ƙullin ƙarshen zare ba ko guda. Wannan nata ne, ba wanda ya iya shi kamarta, kuma in na ɗaura mata ta ce na raina ta.

Na auna ɗinkina a bakin gidan. Goma. Ban taɓa kaiwa goma ba a rayuwata, yatsana duk ya huje.

Yanzu ga abin da ke hana ni sukuni. Doka ta ce allura ɗaya, na sa talatin da shida. Wannan Lavonne ta yi ta surutu, ko a jikina. Amma za a zagaya da shi hannu-hannu. Duk macen da ta buɗe ta ga allurai a zure da ƙulli a gefe ta san ma'anarsa, ba wawaye ba ne. Ke nan na tona abin da na yi alkawarin rufewa, ban buɗe baki ba. In ta ɗauke shi cin fuska, na rasa ta gaba ɗaya, ba a katako kaɗai ba. Shuɗin yana nan a aljihun tebur. Kullum sai na fito da su biyun na jera, na mayar.

Kada ki rubuto ki ce in ba da shuɗin. Na san shi za ki ce.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Marlys


14 ga Nuwamba

Yaya Ardith,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Dusar ƙanƙara ta fara sauka shekaranjiya, kaɗan dai. Ba zan ja ki da nisa ba, na san abin da kike jira.

Baƙin gidan na naɗe na kai.

An jera ƙunshi goma sha huɗu a kan tebur, kowanne da sunan mai karɓa. Aka yi ta buɗewa ana dariya. Nawa Lavonne ce ta yi shi, na gane tun kafin ya iso hannuna, don ita kaɗai ce take sa maɓalli uku inda ɗaya ya isa. Na Kendra ne na goma sha biyu. Ba ki san ta ba, ma'aikaciyar jinya ce, bara ta shigo, ba ta fi talatin ba. Ta buɗe, sai ɗakin ya ɗauki "kai, kai". Ɗan ƙaramin gida ne fari, an yi masa ɗinkin gashin tsuntsu a zagaye, fari a kan fari. Ba wadda ta tsaya canka. Kowa ta ce Verna. Kendra ta riƙe shi da hannu biyu ta ce ita ba ta cancanci wannan ba.

Sai ta buɗe cikinsa, ta miƙa wa ta kusa da ita. Yaya, ƙyallen ciki mai 'yan furanni ne, kuma a baibai aka sa shi. Fuskar tana ciki, bayan yana waje, furannin duk sun dushe. Kuskuren da yarinya take yi a makonta na farko. Gidan ya bi hannu goma sha uku, kowa ta buɗe, ta gani, ta rufe, ta miƙa. Ɗakin da ake ta hayaniya ya yi tsit.

Inna Verna ta juya kai hagu da dama ta ce, "Me ya faru? Lavonne ta yi shiru, lallai akwai magana." Lavonne ta ce ba komai, kyau ne ya kashe mana baki. Inna ta ce, "Ƙarya ba ta yi miki kyau, Lavonne. Marlys, ke ba ki iya rufe baki ba. Mene ne?"

Na ji kamar in nutse. Amma matar da ta farke min bargo don kada ta yi min ƙarya, ba zan yi mata ba. Na ce, "Inna, ƙyallen ciki a baibai yake."

Ta ce, "Na gode." Ta nemi Kendra ta ba ta hannu, ta ce ta yi haƙuri. Yarinyar ta ce ko za a ba ta duniya ba za ta bari a farke shi ba. Daga nan Inna ta miƙe tsaye, ta dafa tebur, ta gaya musu komai da bakinta, likita da hazo da kafar allura, ba rawar murya ba neman tausayi. Ta ce shekara hamsin da ɗaya ta yi a katakon nan kuma ta gode wa kowa, yau ce ranarta ta ƙarshe. Ban taɓa ganin mutum ya faɗi abu mai nauyi haka a tsaye cak ba. Rabin ɗakin kuka suke, ita tana gyara wuyan rigarta.

Kuma ga ƙunshinta a kan tebur ba a buɗe ba. Lavonne ta tura mata. Inna ta warware, ta shafa bayansa, ta bi bakin da farce kamar yadda ta saba. Ta buɗe. Na ga yatsanta ya tsaya a kan allurar farko, ya bi zaren da ke naɗe, ya wuce ta biyu, ta uku. Ta juya falle. Ta taɓa ƙullin gefe, ta koma baya ta taɓa na farkon, ta sake dawowa. Sai da ta bi duka shida.

Ta ce, "Na Marlys ne. Tana jan zare da ƙarfi a kusurwa." Shi ke nan. Ba ta miƙa wa kowa ba, ta rufe ta sa a jaka, ta ce Kendra ta kai ta gida ta gaji. Ba ta dube ni ba, ko sallama ba ta yi min ba.

Ban sani ba, Yaya. Wataƙila ta ji na mai da ita abin tausayi a ranar da ta so ta fita da kanta a sama. Yau sau biyu na ɗauki waya na ajiye. In kin ga na yi wauta ki faɗa, yau kam zan karɓa.

Taki,
Marlys


21 ga Nuwamba

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ku, ke da Delbert. Takardarki ba ta iso ba tukuna, amma ba zan iya jira ba.

Mako guda ban ji daga Inna Verna ba. Ranar Lahadi a coci ta zauna can gaba, ta fita ta ƙofar gefe. Jiya na tafi ƙungiya ba don ina so ba. Muka zauna mu goma sha uku, kujerarta ta kusa da taga ba kowa, ba kuma wadda ta yi ƙarfin halin matsar da ita. Ɗinki muke, amma ba hira.

Wajen ƙarfe biyu da rabi muka ji sanda a matakala, ɗaya-ɗaya. Ta shigo da kwat ɗinta mai ruwan ƙasa, dusar ƙanƙara a kafaɗa. Da ƙafa ta zo, tafiyar layi huɗu daga gidanta. Ba ta gaida kowa ba. Ta zagayo har inda nake, ta buɗe jaka, ta ajiye baƙin gidan a kan bargo a gabana.

Na ce a raina ta dawo min da shi ke nan. Na buɗe. Allurai talatin da shida suna nan a jere, kowace a inda na soke ta. Babu zare a jikin ko ɗaya.

Ta ce, "Tun Talata suka ƙare. Kwana biyu ina zaune ina sauraron agogo. Ke a tunaninki talatin da shida za su kai ni mako?"

Ta cire kwat ta rataye, ta lallaɓa ta zauna a kujerarta, ta shafa bargon har ta gano inda layin ya tsaya. Ta ce, "Raba wa waɗannan masu zaman banzan, kowa ta zura. Fari nake so tukuna." Lavonne ta fara cewa ai doka, Inna ta ce, "Lavonne, zura zare."

Mata goma sha uku, Yaya, kowa ta ajiye ɗinkinta ta sa tabarau tana neman kafar allura. Tawa ta riga shiga. Na miƙe na kai mata. Ta miƙo hannu a gaban kowa, tafin a buɗe, ta jira, na sa mata. Ta ɗaura ƙullinta ta sunkuya.

Na fara yanka mata gida na biyu, don in ɗaya yana wurinta ɗaya yana wurina ina cikawa. Wannan falle goma zan yi masa.

Ki gaida Delbert da kyau. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Marlys